Hoda Kafin Magani

Tun da aka sallamo surukarta daga asibiti aka kawo ta gidansu, aikin safiyar Maman 'Yan Biyu ya ninka. Da ma can ba hutu gare ta ba. Mijinta direban babbar mota ne, in ya tafi sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Yaransu uku: babbar 'yar tana firamare, sai 'yan biyu maza da ba su daɗe da koyon gudu ba, amma sun riga sun ƙware. Ita kuma tana aiki a shagon wanki da guga, wuni take a tsaye tsakanin ruwan sabulu da tururin dutsen guga. Hannayenta sun yi kaushi, gaɓoɓin yatsun duk sun tsattsage. Fuska kuwa, in ta watsa mata ruwa da asuba, sai kuma gobe.

Tsohuwar, wadda yara ke kira Kaka, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita. Hannun dama ya saki, ƙafa tana ja, baki ya ɗan karkace, amma harshen nan lafiyarsa ƙalau. A zamaninta shagon kayan kwalliya gare ta a kasuwa, kuma a cikin duk kayanta da aka kwaso, abin da ta fara tambaya shi ne wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai ƙaramin madubi, hoda, kwalli, jagira, jan baki da kwalbar man shafawa.

Safiyar farko Maman 'Yan Biyu ta shiga ɗakin da kofin shayi da ƙwayoyi a tafin hannu.

"Mama, ga magani."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Da wannan fuskar zan sha?"

"Ai da baki ake sha, Mama."

"Miƙo min gwangwanin can, 'yar nan. Tun ina budurwa rana ba ta taɓa ganina haka ba, ba kuma yau za ta fara ba."

Da hannun hagu ba ta iya komai, don haka aikin ya faɗo kan surukar. A goge fuska da tawul mai ɗumi, a shafa mai, a jira ya shiga, a sa hoda, a ja gira, a zizara kwalli. Kaka tana riƙe da madubi tana ba da umarni kamar mai duba leburori. Girar hagu ta fi ta dama tsawo. Hodar ta taru a gefen hanci. Sai an gama tsaf take buɗe baki ta karɓi magani.

Da farko abin dariya yake ba Maman 'Yan Biyu. Daga baya ya daina. Kullum sai ta rasa motar farko, kullum sai mai shago ya dubi agogo ya dube ta.

Ranar da abin ya fashe, ɗaya daga cikin 'yan biyun ne ya tuntsurar da shayi a kan rigar makarantar yayarsu, ɗayan kuma ya jefa takalminsa a bokitin wanki. Yarinyar tana kuka, ruwa yana tafasa a kan wuta, ga Kaka tana ƙwala kira daga ɗaki. Maman 'Yan Biyu ta shiga a fujajan, ta dangwala hoda, ta ɗauki kwalli, sai tsinken ya zame ya taɓa ƙwayar idon.

"A hankali mana! Ido ne, ba ramin maɓalli ba. Goge ki sake."

"Haba Mama!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. "Wai don Allah wa zai gan ki? Daga ke sai bangon ɗakin nan. Ina da yara, ina da aiki, ni kaina rabona da madubi har na manta!"

Tsohuwar ta ajiye madubin a kan cinyarta. Ta miƙo hannun hagu, ta karɓi ƙwayoyin, ta haɗiye da shayin da ya huce.

Washegari da aka kawo magani, karɓa kawai ta yi. Ba ta tambayi gwangwani ba. Jibi ma haka. Maman 'Yan Biyu ta samu motar farko, ta riga kowa isa shago, har ta ce a ranta ai gara da aka yi haka.

Amma gidan ya sauya. Kaka ta daina tsokanar 'yan biyu da kiransu mazajenta marasa cefane. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Da maƙwabciya ta zo dubiya, cewa ta yi a ce barci take. In an leƙa ɗakin, fuskarta tana wajen bango.

Ranar Asabar ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa mata hannu da ƙafa ta fito daga ɗakin tana girgiza kai.

"Me ya sami Hajiyata? Wancan makon tana matsa ƙwallon roba tana yi wa girata tsiya, wai kamar kaza ta yi tsalle a goshina. Yau ko yatsa ta ƙi ɗagawa. Cewa ta yi in bar wahalar da kaina."

Maman 'Yan Biyu ta sunkuyar da kai. Babbar 'yarta ce ta amsa daga inda take wanke kofuna. "Kaka ta ce in kai gwangwanin ƙarƙashin gado, wai ta gama da shi."

Duk wunin ranar a shago maganar tana cin ta. Ta ƙona hannun wata riga da dutsen guga, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta durƙusa za ta kwashe kaya daga injin wanki, sai ta ga fuskarta a gilashin murfin: ta yi furu-furu, leɓe ya bushe ya tsage, ga baƙin tabon da ya fito mata a kumatu tun cikin 'yan biyu. Ta daɗe a durƙushe, har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko jiri ne.

Da safiyar Lahadi, ranar hutunta, ta kunna wa yara talabijin, ta ɗumama ruwa, ta janyo gwangwanin daga ƙarƙashin gado ta zauna a bakin katifa.

"Mama, ki yi haƙuri. Bakina ne ya riga hankalina."

"Ai ba ƙarya kika yi ba," in ji tsohuwar, ba ta juyo ba. "Ba mai ganina."

"Mama..."

"Rabin jikin nan ya tafi bai yi min sallama ba, 'yar nan. In na tashi da safe ban san hannun wa ke kwance a gefena ba. Amma in na duba madubi na ga kwalli a idona, sai in ce to, ni ce dai."

Hawaye suka zubo wa Maman 'Yan Biyu. Ta matse tawul a ruwan ɗumi, ta kai hannu za ta goge mata fuska, sai tsohuwar ta cafke wuyan hannun da hagunta. Ta juya shi, ta duba tafin, ta duba bayan.

"Wannan hannu ne ko soson ƙarfe? Kullum in kina shafa min mai sai in ji kamar ana kankare tukunya. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Dariya ta ƙwace wa Maman 'Yan Biyu a tsakiyar kuka. "Ke ce mai kunya, Mama?"

"Rufe min baki. Daga yau ba za ki taɓa fuskata ba sai kin fara da taki. Da me kike wanke ta?"

"Da sabulun da na samu."

"Na wanki kenan. Allah ya shirye ki. Fuskar taki zanen gado ce?"

"Mama, ina na ga lokaci?"

"In kin ɗora ruwan shayi, me kike yi kafin ya tafasa?"

"Neman takalman yara."

"Yayarsu ta nema, ba ta da ido ne? Wannan lokacin naki ne."

Nan ta zaunar da ita ta karanta mata darasi. A wanke fuska da sabulu mai laushi, kar a dirje ta da tawul, a dai ɗan dangwale ruwan. A shafa mai tun fatar tana da danshi, har wuya, har bayan kunne. Kwalbar man ta zauna a bakin famfo inda ido zai gan ta, don abin da aka sa a durowa an binne shi. Hoda kaɗan, a goshi da hanci kawai. Kwalli da man leɓe su zauna a jaka, a mota ma ana sawa in an tsaya. A shago kuma ta nemi safar hannu ta roba, ta daina tsoma fatarta a ruwan da ake jiƙa labule.

"Tabon nan fa?" Maman 'Yan Biyu ta taɓa kumatunta.

"Bar shi. Kar ki kuskura wani ya sayar miki da man da zai ce yana goge shi a mako guda, na ga fuskokin da irinsa ya dafa. Ki rage shan rana, in ya dame ki ki nuna wa likita. Kawo hannun."

Ta lakato mai ta shiga murza mata yatsu ɗaya bayan ɗaya da hagunta. Da ma'aikaciyar asibiti ta dawo ta ji labari, sai ta ce ai shi kenan an samu aikin yi, a riƙa murzawa da hannun daman. Ranar farko man ya fi yawa a zanen gado. Kaka ta yi tsaki, ta ce a ƙara lakato mata.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Wata safiyar mai kawai ake samu a shafa a fice. Wata rana Maman 'Yan Biyu ta isa shago da kwalli a ido ɗaya, don direba ya ja mota kafin ta kai ga ɗayan, abokiyar aikinta ta yi dariya har da riƙe ciki. Tabon kumatu yana nan inda yake. Amma tsagar yatsun ta rufe, ruwan sabulu ya daina yi mata zogi, kuma a hankali yatsun Kaka uku suka fara riƙe tsinken kwalli, ko da yake layin yakan tafi yawo.

Da maigidan ya dawo daga tafiya, ya gaida mahaifiyarsa, ya zauna cin abinci, sai ya yi ta kallon matarsa yana tauna a hankali.

"Wani abu ya canza a gidan nan," ya ce. "Kun sake ƙwan fitila ne?"

"Ka ji min yaro!" Kaka ta ɗaga murya daga ɗaki. "Ƙwan fitila! Ubanka ma haka yake, na taɓa rina gashi ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. Tashi ka je ka sayo mana man shafawa, namu ya kusa ƙarewa. Ɗauki kwalbar ka nuna musu."

Ya ce ai ba sai ya ɗauka ba, ya gane ta. Ya wanke hannu ya fita, 'yan biyu suna rataye da ƙafafunsa har bakin ƙofa.

Da ya dawo ya miƙa leda yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Maman 'Yan Biyu ta buɗe, ta duba, ta wuce da ita ɗakin surukarta. Man gashi ne, babbar kwalba, har da hoton mai gemu a jiki. Daga falo ya jiyo su suna dariya, ya tambayi 'yarsa ko lafiya, ta ce masa ya dai mayar da takalminsa ya koma kanti.