Mai Kemis a Bencin Asibiti

...kuma ba a hagu yake ba, Yaya, abin da nake ta gaya wa kaina ke nan tun da na zauna a bencin nan. Tsakiya ne. Tsakiya, ya ɗan karkata dama. Nan ƙasan haƙarƙari, inda ƙashi ya rabu biyu. Kamar an ajiye garwashi an manta da shi. Naka a ina ya fara? Ka nuna min da hannu, na tuna — amma ban dubi hannun ba, ina miƙa wa wata mata maganin tari.

Lamba ashirin da uku ce a hannuna. Yanzu nas ta kira sha tara.

Ƙwannafi ne. Me zai zama in ba ƙwannafi ba? Mutumin da ke wuni a tsaye cikin kemis, daga shayin safe babu abin da ke shiga cikinsa sai la'asar, in ya samu kuma ya zabga yaji kamar yana fushi da wani... Shekara goma sha ɗaya ina faɗa wa mutane wannan. Rage yaji, rage maiƙo, kar ka kwanta daga gama cin abinci, ƙara matashin kai, ga wannan ka sha cokali biyu. Na sha. Kwalba huɗu na shanye daga kan kantata, ina juya wa ƙofa baya kamar ɓarawo. Ya lafa awa biyu, ya dawo.

To olsa. A bar shi a olsa. Maganin ciwon gwiwar nan da nake haɗiya ciki ba komai — ni da nake hana tsofaffi, har da ɗaga musu yatsa — shi kaɗai ya isa ya ci bangon ciki. Ko ƙwayar cutar nan da ake gwadawa a bahaya. In ita ce ai da sauƙi: magani kala uku, safe da yamma, sati biyu, shi ke nan. Allah ya sa ita ce. Ka ji ni ko, Yaya? Wai ni ne nake roƙon Allah ya ba ni ƙwayar cuta.

"Likitan gidanmu." Haka kake shigowa shagon, garin katako a gashinka, fensir a bayan kunne, ka jingina da kantar da kai ka ƙera min. "Dokta, cikin nan nawa ya sake shiga yajin aiki." Mu yi dariya. Ni ba dokta ba ne. Sayar da magani na koya, ka sani, kai ka kai ni wurin. Amma ka fi yarda da ni a kan asibiti, ni kuma... daɗi nake ji. Gaskiyar ke nan. Daɗi nake ji babban wana ya tsaya gabana yana tambaya, ina ba shi amsa.

Olsa ce, Yaya. Wata bakwai ina ce maka olsa ce, ina canza maka kwalba. Ka ce loma uku ka ƙoshi, na ba ka maganin buɗe ciki. Na buɗe ciki! Wandonka ya fara zamewa, ka ƙara wa bel huda da ƙusa, na gani da idona, na ce aiki ne ya yi maka yawa.

Nawa bel ɗin yana inda yake. Yana nan? Ko jiya a huda ta uku yake... Daina taɓa shi, mutane na kallonka.

Ashirin.

Tunda ya karkata dama, zai iya zama matsarmama. Tsakuwa. Takan tashi bayan an ci maiƙo, ta harba har kafaɗa. Nawa yana harbawa? Wani lokaci. Ko ni nake sa shi ya harba? Wannan aiki ake yi a cire, mutum ya tashi. Mai wankin motar layinmu an cire masa, ga shi can yana zagin kwastoma lafiya lau. Zuciya kuma — ita ma tana shigar burtu ta zo kamar ƙwannafi. Shi ya sa na hau matakalar asibitin nan sau biyu ɗazu, hawa uku, in ga ko zai ƙaru, ko gumi zai keto. Mai shara ta bi ni da kallo. Bai ƙaru ba. Bai kuma ragu ba.

Ranar da ka yi aman jini a wurin aiki aka kawo ka. Suka zura maka bututun nan mai kyamara ta baki. Likita ya fito yana cire safar hannu, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi da an zo da wuri da akwai abin yi. Matarka ta dubi ƙasa. Har yau ba ta ce min uffan a kan maganar ba. Da ma ta zage ni. A'a — shekaranjiya ma ta zo da autarka tana zazzaɓi, ta ce, "Baffansu, me za a ba ta?" Ni take tambaya. Har yanzu ni. Na ce a kai ta asibiti, ta tsaya tana kallona kamar na kore ta.

Maman yara kuwa ta ɗauka sarin magani na tafi. Jiya ta ga na ture kwano, ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Na ce eh. Shekara sha huɗu gishiri bai taɓa yi mata yawa ba. Ta ɗauke kwanon.

Ashirin da biyu. Ina ashirin da ɗaya? Yaushe aka kira?

Nas ta miƙo min takarda da biro. "Malam, cike wannan kafin ka shiga."

Suna. Shekaru. Kana shan taba? A'a. Bahaya ya yi baƙi? A'a... ban duba sosai ba. Tun yaushe ciwon ya fara? Wata huɗu. Wata huɗu — tsaya. Wata huɗu ke nan da muka kai ka makwancinka. A satin ne. A satin nan ne na fara jin wutar, ina buɗe shago. To damuwa ce ke nan? Damuwa ma tana yi, na sha faɗa wa mutane. Ko kuwa so nake ta zama damuwa, kamar yadda na so taka ta zama olsa?

Layi na ƙarshe. Akwai wanda ya taɓa ciwon ciki mai tsanani a danginku? In akwai, wane ne, wane ciwo?

Wana. Uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan na rubuta.

Wane ciwo... Ban taɓa faɗar sunansa ba, Yaya. Ko ga masu gaisuwa cewa na yi ciwon ciki ne. Ga gurbin, ɗan ƙarami, kalma biyu kawai yake so. Biron yana rubutu, na gwada shi a tafin hannuna.

Ta kira ashirin da uku. Ta sake kira.