Gurbi Ɗaya Zuwa Ingila

Duk ajin Turancin nan na cibiyar mata da ke Unguwar Sarki, mutum ashirin da biyu, babu wadda ta kama ƙafar Hansai. Wannan ko mai ƙinta ya sani. Shekara biyu cur, duk Talata da Alhamis bayan azahar, sai ta ja ƙofar shagon ɗinkinta na Badarawa, ta hau keke napep, ta zo ta kame a bencin gaba da littafinta mai bango kore. Mace mai shekara arba'in da ɗaya da 'ya'ya biyar, amma in ta karkace baki tana karatu sai ka rantse a rediyo take aiki.

Har darasin ladabin Turawa ita ta zo ta ɗaya. Malam Jamaluddeen, malaminsu, ya yi sati uku yana nanata musu abu guda: "Bature ba ya tayi sau biyu. In ya ce ki sha shayi kika ce a'a, to ke da shayin nan sai a lahira. Ba wulaƙanci ba ne, shi a wurinsa ya girmama maganarki ne." Matan suka yi ta dariya suna cewa wannan ai rowa ce. Hansai kuwa ta rubuta, ta ja layi a ƙarƙashi da jan biro.

To, ranar da za a yi amfani da jan layin, ina!

Wata Baturiya ce ta zo, Misis Helen, daga ƙungiyar da ke tallafa wa cibiyar. Ta zo da gurbi ɗaya tak: horon sati shida a Ingila kan zanen kaya da ɗinki. Aka baje aikin kowa a tebur. Ta bi tana dubawa, tana juya bakin ɗinki, har ta kai kan wata doguwar riga mai aikin hannu a wuya. Ta ɗaga ta, ta tambayi mai ita, sannan a gaban kowa ta dubi Hansai ta ce, "Za ki so ki je?"

Zuciyar Hansai ta ce e tun kafin matar ta rufe baki. Amma yaya za a yi babbar mace ta zabura ta cafke abu a gaban ƙannenta kamar mayunwaciya? Sai ta sunkuyar da kai, ta yi ɗan murmushi, ta ce da Turancinta mai tsafta, "Haba, ni wace ce? Akwai waɗanda suka fi ni cancanta." Ta tsaya tana jiran a matsa mata. A na biyu za ta ce sai ta yi shawara da maigida, a na uku ta karɓa da mutuncinta.

Misis Helen ta gyaɗa kai ta ce, "Na fahimta, kuma na girmama hakan." Ta ajiye rigar, ta ɗauki ta kusa da ita.

Ta Nafisat ce. Nafisat ɗin da katanga ɗaya ta raba gidajensu, wadda Hansai ta jawo ajin da hannunta don ta rage zaman banza kafin mijinta ya dawo daga aiki. Yarinyar da har yau in ta haɗa jimla sai an tattaro ta. Ta ɗago, ta kalli Baturiyar cikin ido, ta ce, "E. Ina so. Na gode." Kalmomin da ta iya ke nan, kuma su aka nema.

Hansai har da ita aka tafa. Tafin nan ya fi mari ciwo.

Kishi dai ba a ɓoye shi ga mai shi, kuma Hansai ta san sunan abin da ke cinta. In ta ji matan layi suna kiran Nafisat 'yar Landan sai allura ta soke ta. Ta ɓata wuyan rigar wata amarya, abin da ba ta yi ba tun tana koyo. Abin haushin, Nafisat ba ta san tana yi ba. Kullum tana shagon da takardu: "Yaya Hansai, nan me suke nufi? Yaya, duba min ko na rubuta daidai." Hansai ta gyara mata, tana gyarawa tana jin kamar ta yaga takardar. Wato Turancinta ne ma zai kai wata mace Ingila!

Da ta kai kuka wurin maigidanta Lawan, yana cin tuwo ko ɗagowa bai yi ba. "To ai ke kika ce ba kya so."

"Haka na ce? Kai ma yanzu Bature ka zama?"

Sati na zagayowa ta tsaya bayan an tashi aji, wai tana neman bironta. Malam Jamaluddeen ya gane. Ya ce mata Misis Helen ta rubuta sunanta a na biyu, amma sai in Nafisat ta janye a rubuce kafin Juma'a. "Ko in yi mata magana, Hajiya?"

"A'a, Malam, wallahi ba komai."

Sai da ta hau keken ta tuna abin da ta sake yi, ta ja tsaki har direban ya waiwayo.

Ranar Laraba da la'asar Inna Kande, mahaifiyar Nafisat, ta aiko a kira ta. Tsohuwar ta zo daga Zariya don taya murna, kuma ta ce ba za ta koma ba sai ta gode wa wadda ta kai 'yarta makaranta. Hansai ta tarar da su a tsakar gida da maƙwabta biyu, an shimfiɗa tabarma, ga kunun gyaɗa. Nafisat ta fito da wata jibgegiyar rigar sanyi ruwan toka da ta sayo a gwanjon Babbar Kasuwa, ta saka tana juyi, zufa na keto mata, ana ta shewa.

"Allah ya yi miki albarka, Hansai," in ji Inna Kande. "Da ba don ke ba, ina wannan za ta san hanyar Ingila?"

Nafisat ta cire rigar ta zauna kusa da ita. Daɗi ya cika ta, kuma yarinya ce mai tarbiyya, ta san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Ta kama hannun Hansai ta ce, "Ni kunyarki ma nake ji, Yaya. Ke kika dace. Wallahi in kina so ki karɓa, ni na haƙura."

Duk wanda ke tabarmar nan ya san tayi ne. Amsarsa ma a shirye take: haba ƙanwata, rabonki ne, Allah ya kai ki lafiya. Maƙwabtan har sun fara murmushin jin ta.

Hansai ta ɗago, ta kalli Nafisat cikin ido.

"Ina so," ta ce. "Na gode."

Ludayin da ke hannun ɗaya maƙwabciyar ya tsaya a iska. Nafisat ta yi 'yar dariya tana jiran a ce wasa ne, ba a ce ba. Ta juya ga uwarta.

Inna Kande ta daɗe tana duban Hansai, duban da ya sa Hansai ta ji kamar zaninta ya kwance. Sannan ta ce wa 'yarta a hankali, "Kin rantse, Nafisa. A gaban mutane. Tashi ki ɗauko takarda."

"Inna..."

"Na ce ki tashi."

Takardar janyewar ma Nafisat ba ta iya haɗa ta ba. Hansai ce ta yi ta faɗa mata kalma bayan kalma, tana kallon hawaye na ɗiga kusa da layin. Sau biyu bakinta ya buɗe zai ce a bari, sau biyu ta tuna rigarta a hannun Baturiya, ta ci gaba. Ba wanda ya ƙara taɓa kunun. Maƙwabtan suka zame ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu, kuma Hansai ta san kafin magariba labarin ya gama Badarawa.

Ta ninke takardar ta miƙe. Har ta kai zaure sai ta ji takun mutum a bayanta. Nafisat ce, rungume da rigar sanyin. Ta rusuna kamar yadda ake yi wa baƙuwa, ta miƙa da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"An ce can akwai sanyi sosai," ta ce. "Ga shi, Malama Hansai."