Wutsiyar Faifan Tagulla

Shekara talatin da ɗaya ina auren makaɗi, kuma a duk jerin gangunansa ba abin da na tsana kamar faifan tagullar nan da ke tsaye a hannun damansa. Su makaɗa simbal suke ce masa. Ni murfin tukunya nake kiransa. Da shi aka ciyar da 'ya'yanmu huɗu, ban musa ba, amma da shi kuma aka hana su barcin rana.

Ranar Talata maigida ya dawo daga gwajin kiɗa fuska a murtuke. Mai gita, wanda shi ne shugaban ƙungiyarsu, ya faɗa masa a gaban kowa cewa yana shiga a makare, kiɗa na gabas shi yana yamma. In Asabar ta zo bai gyara ba, wani za a ɗora a kujerarsa.

"Faifan nan ne," in ji shi, ya nuna mini wata 'yar tsaga a bakin faifan, ba ta kai farce ba. "Ya mutu. In na buga bai amsa ba, ta yaya zan san inda nake?"

Ni na san ba faifan ba ne. Wata shida ke nan sai na kira shi sau uku kafin ya waiwayo, rediyo kuwa yana ƙure ta har maƙwabta sun huta da kunna tasu. Amma wa zai dubi makaɗi ya ce masa kunnensa ya fara tafiya? Gara a ce masa gidansa ya kama da wuta.

Washegari da hantsi na bi shi shagon kayan kiɗa, wai zan riƙe masa jaka. Shagon siriri ne, gitoci na reto daga sama, faya-fayan tagulla jere a bango a kan ƙusoshi. Mai shagon na ganinsa ya miƙe.

"Baba, yau kai ne da kanka? Ai da ka aiko."

"Faifai ba a aiken saye," in ji maigida. "Sauko da su."

Yana da yadda yake zaɓe, kuma rabin makaɗan garin a wurinsa suka koya. Zai ɗora faifan a kan ƙarfen da ake kafa shi, ya buga sau ɗaya tak, ya rufe ido, ya ɗaga hannun hagu. Ba zai sauke hannun ba sai ƙarar ta mutu gaba ɗaya. Wannan jan da ƙarar ke yi bayan bugu shi yake kira wutsiya. Faifan kirki, in ji shi, wutsiyarsa takan kai numfashi huɗu.

Ya bugi na farko. Kafin ya cika numfashi ɗaya ya sauke hannu.

"Matacce."

Faifan kuwa yana nan yana kuka, har haƙorana ina jinsa. Mai shago ya dube ni, na dubi gitocin sama.

Na biyu ma matacce. Na uku ya ce gwangwani ne aka shafa wa ruwan zinare. Ana kaiwa na bakwai ya fara faɗa, wai masu ƙera na yanzu ba sa tsoron Allah, wai a da in ka bugi faifai sai ka je ka sha ruwa ka dawo ka tarar yana magana. Mai shago kuwa sai hawa tsani yake yana saukowa, gumi na bin wuyansa. Na ji kunya, na ji haushi, a ƙarƙashinsu kuma ga tsoro, don kowane bugu hannun nan sai ƙara saurin sauka yake.

Can mai shago ya shiga ciki ya fito da wani a naɗe cikin ƙyalle.

"Baba, wannan ba na nuna wa kowa shi. In wannan bai yi ba, to ba ni da abin da zai yi."

Maigida ya juya shi a hannu, ya shafa zanen guduma da ke jikinsa. Ya daɗe bai buga ba. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maman yara, zo nan. Ke ma ɗaga hannunki. Mu ji tare."

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa neman kunnena a kan kiɗa ba. Na ajiye jakar na matso.

Ya buga. Wallahi ban taɓa sanin murfin tukunya zai iya sa ni hawaye ba. Ƙarar ta buɗe, ta cika shagon, ta yi ta tafiya a hankali ba ta da niyyar tsayawa. Wannan karon bai rufe ido ba, hannuna yake kallo. Da na ga nasa ya fara sauka, sai na sauke nawa tare da shi.

"Matacce ne," na ce. "Gaskiyarka. Mu je wani shagon."

Ya miƙa ɗan yatsa a hankali ya taɓa bakin faifan. Tagullar tana nan tana rawa, na ga tsokar yatsan tana karkarwa tare da ita. Ya bar yatsan a wurin har ta tsaya.

"Numfashi nawa?" ya tambayi mai shago.

"Baba..."

"Nawa?"

"Shida. Kafin ka taɓa shi."

Maigida ya gyaɗa kai. Ya naɗe faifan cikin ƙyallensa da kyau, kamar yadda yake naɗe nasa bayan wasa, ya miƙa wa mai shago da hannu biyu.

"Ajiye wa mai kunne," ya ce.

Muka fito titi. Motoci na ta ham, rana ta take. Mun yi nisa na ga jakar ta yi mini sauƙi, na leƙa, sandunan kiɗansa ba sa ciki.

"Baban yara, ka manta sandunanka a kan teburin shago."

Bai juyo ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Da na buɗe baki zan faɗa na uku, ya tsaya ya dube ni.

"Wannan na ji ki tun na farko," ya ce. "Mu je gida."