Ɗakin Ƙarƙashin Kwano

Hukumar tsara gari ta yarda wani kafinta ya ƙara ɗaki a ƙarƙashin rufin gidansa, amma da sharaɗi. Ba a yin bene a unguwar, don haka ɗakin na ajiye kaya ne kawai. Babu taga, kada a riƙa leƙa tsakar gidan maƙwabta. Babu matakala, sai tsani da 'yar ƙofa a jikin silin. Kuma ba a yarda ɗan Adam ya zauna a ciki ba. In aka saɓa, a rushe.

Kafinta ya ce ya ji ya gani, amma mutum ne mai kunnen ƙashi. Ya goge katakon daɓen sumul, ya kai kujerarsa sama, yana ce wa matarsa nan zai riƙa guje wa surutunta. Bai ko ɗanɗani zaman ba ciwo ya kayar da shi, ya rasu.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta na ƙarƙashin ƙofar silin ɗin. Wata rana da la'asar ta ɗaga ƙafa daga keke sai ta ji taku a samanta. Ƙafa ɗaya na takawa, ɗaya na ja. Haka mijinta yake tafiya tun da guduma ta faɗo masa a idon sawu. Ta tashi ta ɗauke tsanin ta kwantar da shi a bayan gida.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Gaskiyar magana, takun ya rage mata kewa. Har mita take yi masa: "Ka bi a hankali mana, ƙura na zubo mini a kan ɗinkin mutane." Sai takun ya lafa. Tana son sa ƙwarai, amma a can sama take son sa.

Maƙwabta kuwa kunnensu ba ya hutu, su suka kai ƙara. Ranar nan da rana tsaka sai ga jami'in duba gine-gine, wani siriri mai ladabi, da fitila a hannu.

"Mama, an ce kin zuba ɗan haya a sama."

"Ɗan haya? Ɗana, ko ɓera ba ya iya zama can don zafi."

Ba ta rufe baki ba aka ja kujera a samansu. Jami'in ya dube ta, ya fita ya ɗauko tsani da kansa. Tana kallo ƙafafunsa suka shige cikin duhu. Sai ta jiyo muryarsa yana gaisuwa, yana yin shiru, yana amsawa, har da 'yar dariya.

Ya sauko yana share gumi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Mama, ba ki kyauta ba. Dattijo irin wannan a wurin da babu iska? Baba ya ce shi ya buga kowace ƙusa, kuma aikin ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma doka ta hana mutum zama a nan. Ya kamata in sa a rushe."

Ta riƙe bakin keke. "Kada ka rushe masa, don Allah. Abin da ya rage mini ke nan."

"To, ga alfarmar da zan yi miki. Ya sauko yau, ya zauna ƙasa tare da ke. In na dawo na tarar ba kowa, magana ta ƙare." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Shi ma ya ce ya daɗe yana son saukowa, tsani ne babu."

Bayan fitarsa ta daɗe a tsaye. Tsanin na jingine inda ya bar shi. Ta kama shi da hannu biyu za ta janye, sai ta tuna yadda za a zo a ɓalle katakon nan ɗaya bayan ɗaya, a bar mata gida shiru. Tsoro ya cika ta, kewa kuma ta fi tsoron yawa.

Ta gyara wa tsanin zama, ta danne ƙasansa da ƙafa.

"Sauko, maigida," ta ce. "Na riƙe maka."

Tsanin ya yi nauyi a hannunta.