Doyar Gidan Manga

Keziah ta sha faɗa wa mijinta Jonah. Tun shekarar da aka yi jihar Taraba, Jalingo ta zama babban birni, mutane suka shiga auna fili da igiya kamar masu yankan atamfa, take binsa da magana ɗaya.

"Baban Lois, ka je ku rubuta zancen gonar nan, kai da Manga. Ku sa hannu a ajiye."

Shi kuwa sai dariya. "Ni da Manga takarda? Haba! In kai masa in ce me? In ce na daina yarda da shi?"

Gonar tana bayan Abbare, ita ce cinsu, ita ce shansu. Asali ta Manga ce, abokin Jonah tun suna samari. Wata shekara da cuta ta ƙarar wa Manga da shanu, ya sayar wa Jonah gonar a kan bijimi da karsana. A gindin tsamiya aka yi cinikin, da baki, gaban wani tsoho da tuni ƙasa ta rufe masa ido.

To, ga inda alheri ya zama tsiya. A yankin, wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita wani abu duk kaka, don kowa ya tuna ƙasar ba tasa ba ce. Wanda ya saya ba ya kai ko ƙwaya. Amma Jonah, uban 'yan kirki, bai iya cin sabuwar doya abokinsa bai ɗanɗana ba. Duk shekara sai ya zauna ya zaɓi manya-manyan da hannunsa, ya ɗaure a bayan keke, ya ratsa unguwa da rana tsaka yana gaisawa da kowa, ya sauke a ƙofar gidan Manga.

Manga ya rasu da damina. Ba a jima ba Jonah ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunyoyin doya, fartanya a hannu. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin damansa ya shanye, harshe ya tafi, kansa kuma rawa yake yi ba tsayawa. Idanun kaɗai suka rage nasa. Keziah ke juya shi, ita ke ba shi kunu, ita ce kuma a gona.

Rannan Umar, babban ɗan Manga, ya yi sallama. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

"Mama, za mu raba gado. Gonar Baba da ke hannunku, muna so bayan kaka. An samu mai son gini a wurin."

Keziah ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Wace gonar Baba? Umar, saya muka yi! Kana goye a bayan Aisatu aka kora bijimin zuwa gidanku."

"Mama, ni dai tun da na yi wayo nake ganin doya tana zuwa."

Abin haushin, yaron ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya gani ya faɗa. Uwarsa Aisatu ma ba ta san kan cinikin ba, don Manga irin mazan nan ne da ba sa zancen dukiya a cikin gida.

Aka je gaban Jauro, mai unguwa. Keziah ta shimfiɗa bargo a baro, ta sa wa Jonah rigarsa ta zuwa coci, ta turo shi da kanta. Dattawa suka yi ta ba da shaida, kowa da gaskiyarsa: sun ga keke, sun ga doya, shekara da shekaru. Jauro ya taso ya sunkuya gaban baron.

"Malam Jonah, saya ka yi ko aro aka ba ka? In saye ne, ɗaga kai."

Kan ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi gefe, yadda yake yi kullum. Jonah ya buɗe baki, jijiyoyin wuya suka tashi, wani gurnani ya fito tare da miyau. Sai hawaye.

"Ku dubi idonsa!" in ji Keziah. "Don Allah ku dubi idonsa, ai yana faɗa muku!"

Jauro ya miƙe tsaye. "Ki yi haƙuri, Maman Lois. Ba na iya yanke hukunci da ido."

Aka bar mata amfanin shekarar, aka ba magada ƙasa. Keziah ta turo Jonah a baron har suka shiga gida. Nan ta sauke masa duk abin da ke ranta.

"Ka gani? Ka ga kunyarka inda ta kai mu? Layi biyu na roƙe ka, Baban Lois, kana da baki, kana da hannu!"

Ta faɗa, ta kuma yi nadama nan take, ta goge masa haɓa da bakin zaninta tana kuka.

Da kaka ta haƙe doyar ƙarshe, aka jibge a tsakar gida kusa da tabarmarsa. Tana tsakar dafuwa ta ji motsi. Jonah ne ya ja jiki da gwiwar hannu har gindin tulin. Da hannun hagu yake laluba, ya ture ƙanana, ya mirgino babba, ya sake mirgino wata. Gumi ya jiƙa masa riga. Da ya tara, sai ya tura su wajen ƙofa, ya ɗago ido ya dube ta.

"A'a," in ji Keziah. "Har yanzu? Bayan abin da doyar nan ta ja mana?"

Ya sake turawa.

Ta tsaya da ludayi a hannu, zuciyarta na ƙuna. Tun ranar da ya faɗi, wannan ce magana ta farko da ya yi wadda ko yaro zai gane, ga shi ba wanda ya tambaye shi ita.

Ta ɗauko daro ta loda, ta naɗa gammo ta aza. Hanyar gidan Manga ta gefen gonar take bi. An riga an sauke bulo a inda Jonah ya faɗi. Keziah ta kawar da kai, ta wuce tana share ido, ta je ta yi wa Aisatu sallama.