Farantin Farko

A ofishin da 'Yar Hutu ta samu gurbin koyon aiki, ko zanen bangon banɗaki ba a taɓa ba ta ba. Shekara uku tana karatun zanen gine-gine, makaranta ta turo ta babban birni ta yi dogon hutu a wani kamfani, aka haɗo ta da littafi mai shafi takwas, kowane mako da shafinsa. A ƙarshe shugaban wurin zai sa hannu ya buga hatimi. In babu wannan sa hannun babu shiga ajin ƙarshe, sai dai ta zauna shekara guda ta sake. Shi kuwa mai sa hannun, wanda kowa ke kira Injiniya, ko sunanta bai tsaya ya riƙe ba. Ranar farko ya leƙo ta ta saman tabarau ya ce, "Ke ce 'yar hutun?" Shi ke nan suna ya bi ta.

Aikinta naɗe manyan takardu, cika butar shayi, da neman makullin da wani ya yar. Da rana takan zauna a matakalar baya, inda iska ke ɗan ratsowa, ta buɗe kular da Gwaggo ta cika mata. Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, a wurinta ta sauka, a ɗaki ɗaya da ɗan falo. Ta bar wa yarinyar gado ta koma katifa a ƙasa, wai ita bayanta ya fi son tauri. Ƙarya ce, 'Yar Hutu tana jin nishinta kowace safiya in za ta miƙe.

Ran Alhamis kuwa ba a taɓa kula. Injiniya yakan kwashi mutanen ofis a motarsa a je sabon gidan abinci, kowane mako daban. Gaskiya ta so fitar. A haka ta ga birnin: wani wurin a hawa na tara, motoci a ƙasa kamar ƙwari, wani a bayan tashar jirgin ƙasa, tebur na rawa duk sanda jirgi ya wuce, wani mai sanyin da sai da ta yi da-na-sanin barin mayafinta mai kauri. Ta ci abubuwan da ko sunansu ba ta iya faɗa ba, ta ɗauki hotuna ta tura wa ƙawayenta suna ta santi daga nesa.

Sai dai fitar tana da ƙa'ida. Injiniya yana da wata aƙida da yake ji da ita fiye da digirinsa: mai girki ba ya girki sai ya tsorata. Don haka farantin farko dole ya koma. Zai kai cokali ɗaya baki, ya lumshe ido, ya yamutse fuska, ya ture farantin da yatsa biyu. Yau gishiri, gobe mai, jibi ya huce. Kuma ba masu kai abinci ne za su mayar ba. Wanda ya fi kowa sabunta a ofis shi zai ɗauka da hannunsa, ya kai har tagar kicin, ya maimaita maganar Injiniya kalma-kalma, don su san da gaske ake.

"Saki ranki," in ji Sakatariya, wadda ta sauke wa 'Yar Hutu wannan kaya tana murna. "Ni shekara biyu ina kaiwa, ga ni ban mutu ba."

Ba ta mutu ba ita ma, amma abin yana ci mata rai. Mutum ya tsaya gaban wuta tun safe a wannan zafi, wani ƙato da ko ƙwai bai iya soyawa ba ya ture aikinsa da yatsa biyu don kawai a san ya zo! Mako bakwai ta kai faranti bakwai. Wani dattijo ya goge hannu a rigar aikinsa ya ce mata, "Yi haƙuri 'yata," alhali ita ya kamata ta ba shi. Wata mata ta ɗanɗana a gabanta, ta dube ta, ta juya ta koma kan tukunyarta. Kowane karo sai ta tuna littafin da ke jakarta ta haɗiye.

Ba ta taɓa gaya wa Gwaggo ba, domin Gwaggo ma girki ne sana'arta, shekara goma sha ɗaya a gidan abinci ɗaya. Ran Lahadi da yamma, tana guge farar hular aikinta, ta ba ta labarin sabon manajansu. Ya kafa allo a kicin da sunayen masu girki. Duk farantin da ya dawo, layi ɗaya na alli. Layi uku a wata, mutum ya ajiye hula ya kama gabansa.

"Ni ina da biyu," in ji Gwaggo. "Ɗaya mutumin da kansa ya yi kuskuren oda. Ɗayar kuma faɗa take da mijinta, ta huce a kan miyata. Saura kwana tara wata ya ƙare, Allah dai ya raba mu da masu neman magana."

'Yar Hutu ta ce amin.

Alhamis ta ƙarshe Injiniya ya ce ta riƙo littafin, in an ci an ƙoshi zai sa hannu. Tana bayan mota tana lissafin ranar komawa gida sai ta ga sun karya kwana sun shiga layin da ta sani, mai shagon gyaran takalmi a baki. Motar ta tsaya daidai shuɗiyar ƙofar da Gwaggo ke shiga kullum.

"Yallaɓai, wurin nan cunkoso gare shi," ta ce. "Ko mu duba gaba?"

"Cunkoso alamar daɗi ne. Sauka."

Ya ce a kawo masa kifi da shinkafa. Da rana Gwaggo ce a kan kifi. Tun kafin a dire farantin 'Yar Hutu ta gane ƙamshin, shi ne na kularta. Ta kafe Injiniya da ido. Ya kai cokali, ta ga daɗin ya ratsa shi, har kafaɗarsa ta saki. Sannan ya tuna ko shi wane ne, ya yamutse fuska.

"Kifin ya bushe. Ki ce musu ba katako na ce a kawo mini ba."

Ta ɗauka. Tsakanin wurin cin abinci da kicin akwai ɗan lungu mai kwana, da wata kanta inda aka jera tsumma da cokula. Nan ta tsaya. Tana jin muryar Gwaggo tana cewa a rage wuta, tana hango gefen allon ta taga, ga layi biyu farare. Ta juya kifin ɗaya gefen, ta lallaɓe shinkafar da bayan cokali ta rufe ramin da ya yi, ta goge bakin farantin, ta mayar da yankan lemon tsami daga dama zuwa hagu. Ta jira gwargwadon yadda ake jira, ta koma ta ajiye masa.

Ya ci loma ɗaya, ya buga tebur. "Kun gani? Yanzu aka yi girki! Ku ji laushi. Sai sun tsorata suke tuna sun iya." Ya cinye tas, ya tsotse ƙaya, yana yi yana wa'azi.

Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma mutum irinsa ba ya ƙoshi sai an ga ikonsa. Ya ɗaga hannu ya ce a kira manaja.

"Na biyun ya yi. Na farkon kuwa abin kunya ne. Ka ja wa mai girkinka kunne."

"An mayar da faranti?" in ji Manaja. "Ba a sa a allo ba. Wato ɓoyewa ta fara." Ya juya da sauri, ya dawo da Gwaggo a bayansa.

Ta tsaya gaban teburin da hularta, gumi na bin wuyanta, hannuwa a baya kamar ɗalibar da aka kira ofishin shugaban makaranta. Matar da ta girme su duka! Idonta ya faɗa kan 'yar ɗan'uwanta, ya wuce kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Ranka ya daɗe, ni babu farantin da ya dawo mini."

"To baƙo ne yake ƙarya?" in ji Manaja.

"Ga wadda ta kai nan," in ji Injiniya yana sakace haƙori. "'Yar Hutu, faɗa masa."

Gwaggo ta dubi jakar da ke cinyar yarinyar. Ta san abin da ke ciki, ita ta saka wa littafin leda don kada ruwa ya taɓa shi. Ta ɗan sunkuyar da kai, alamar ki ce e, ki wuce wurin. Wannan sunkuyawar ce ta ƙarasa tunzura 'Yar Hutu. Ta miƙe, kujerar ta yi ƙara.

"Ban kai ba, Yallaɓai. A lungu na tsaya na juya kifin. Faranti ɗaya ne. Katakon da ka ce, shi ka cinye har ƙaya." Ta juya wajen Manaja. "Kuma wannan da kuka tsayar, Gwaggona ce."

Dariya ta kuɓuce wa Sakatariya, ta toshe baki da tsumma. Teburin kusa ma an ji. Manaja ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya ce wa Gwaggo ta koma bakin aikinta. Injiniya ya cire tsinken daga bakinsa, ya miƙe, ya fita. Motar ta tafi da sauran mutanen ofis, ban da ita.

Washegari ta ajiye littafin a teburinsa. Da azahar Sakatariya ta dawo mata da shi a ledarsa, ba ta iya haɗa ido da ita ba. Shafin ƙarshe fari fat.

Da yamma Gwaggo ta dawo ta same ta a bakin gado, littafin a gefe. Ta buɗe, ta duba, ta rufe, sannan ta hau faɗa. "Shekara guda kika zubar saboda layin alli! Me zan ce wa Yaya? Ni da na tsufa a gaban wuta, ko an kore ni wani kicin zai ɗauke ni."

"Ba za su ɗauke ki ba, Gwaggo, kin sani."

Gwaggo ta cire hula, ta zuba abinci, ta zauna a kan katifarta tana murza ƙafa. Can ta ce, "Kowace Alhamis yake haka?"

"Kowace."

"Ke kike kaiwa?"

"Ni."

"Har taga?"

"Har taga. Sau bakwai."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. "Su waɗancan masu girkin ba su da 'yar ɗan'uwa a teburin," ta ce a hankali.

Nan ne kukan da 'Yar Hutu ta riƙe tun jiya ya ƙwace. Dattijon nan ta tuna, da haƙurin da ya ba ta. Gwaggo ba ta rarrashe ta ba, ta bari sai da ta yi mai isarta. Sannan ta tura mata farantin da tafin hannu, ta sa mata cokali.

"Ci," ta ce. "Wannan ba inda za ki mayar da shi."