Kejin Pardo

Ranar da karena Pardo ya kashe ɓeran Masar na biyu, Baba ya ɗago gawar ta ƙafa ya kai min har hanci.

"Kin gani ko, Hermelinda? Ya ƙara ɗaya, da hannuna zan fasa masa kai."

Babana Saturnino tsohon magini ne, kuma ba ya faɗin abin da ba zai aikata ba. A saman rufin gidanmu na garin Juliaca yake kiwon ɓerayensa, a sake suke yawo tsakanin igiyar shanya da rodin da ya bari tsaye shekara goma sha biyar, wai za a ɗora bene. Su ne naman bikinmu, su ne abin taƙamarsa. Ni kuwa Pardo kaɗai na fito da shi daga gidan mijina bayan motar da mijin yake ja ta faɗa kwazazzabo ya rasu. Ƙaton kare ne mai taurin kai, amma ina son sa kamar raina.

Washegari na shiga layin maƙera. Wani maƙeri mai suna Don Eleuterio ya fito min da keji biyu, irin waɗanda ake kafa wa kare ya samu wurin motsa jiki. Ɗaya gajere mai ƙananan ramuka kamar raga, ɗaya dogo mai sandunan ƙarfe da murfi.

"Uwar ɗakina, ɗauki mai ragar nan," in ji shi. "Ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga."

"Haba maƙeri, zomo na ce maka ina kiwo? Tsalle ɗaya zai haye wannan."

"To wai kare ne ko bijimi?"

Na zaro zaren da na auna kan Pardo da shi, na gwada tsakanin sandunan dogon. Kansa ba zai wuce ba. Na jijjiga murfin, har na hau na zauna a kai, ko motsi bai yi ba. Shi na ɗauka, ina ta jin kaina gwanar wayo. Yadda karen zai fita kawai na yi tunani, abin da zai iya shiga ko kusa bai zo min a rai ba.

Na kafa kejin a lungun rufi, na ɗaure shi da waya a jikin rodi. Simintin Juliaca sanyi gare shi kamar ƙanƙara, sai tausayi ya sa na shimfiɗa masa ciyawar sha'ir, irin wadda Baba yake ba ɓerayensa. Na danna kwado, na sauka na ɗora dankali.

Ruwan bai tafasa ba na ji tsuwa. Na hau a guje. Ɓerayen sun bi ƙanshin ciyawa sun zurara ta tsakanin sanduna, ɗaya bayan ɗaya. Shida na gani a warwatse, hanji a waje, jini har jikin murfi. Wata farar uwa mai ciki tana bakin Pardo, yana girgiza ta kamar tsumma.

Ban ji hawowar Baba ba. Guntun rodi kawai na gani a hannunsa.

"Baba, laifina ne. Ni ka daka, don Allah."

"Matsa."

Na rungume hannunsa. Ya yi jifa da ni, bakina ya haɗu da tankin ruwa, na tofar da haƙori. Ya zura rodin ta tsakanin sanduna ya soka wa Pardo a haƙarƙari.

A da, Baba yana ɗaukar sanda Pardo zai dira rufin maƙwabta, sai yamma ya dawo yana kaɗa jela. Ran nan ma ya yi tsallen, kansa ya daki murfi ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. Ya kama ƙarfe da haƙora yana kallona. Na rarrafa ina lalubar makulli a aljihun gaba, Baba ya take min yatsu da takalminsa na aiki. Ya ci gaba da suka, a wuya, a ciki, a ido, har kukan ya koma gurnani, gurnanin ma ya ɗauke.

Ya jefar da rodin yana haki. Ya kama kejin ya jijjiga, yadda yake gwada ginin da ya gama.

"Ƙarfe mai kyau kika zaɓo," ya ce. "Wanke shi. In aka zagaye shi da raga, zai yi wa sauran ɓerayen."

Na wanke shi, da hannuna mai kumburi. Har yau ban yafe wa Baba ba, ban kuma yafe wa kaina ba. Kullum da safe ni ke hawa in zuba musu ciyawa a ciki.